Gwaggon da Ba Ta Karɓar "Da Sauƙi"

Daga Allah muka zo, wurinsa za mu koma, yayar babana kuwa ta riga mu tafiya. Ranar wata Talata ta cika, ana gab da kiran azahar, a ɗakin da ke jikin madafa a gidanmu na unguwar Dar-es-Salam. Gwaggo muke ce mata, mu da ƴaƴanmu da ma waɗanda ba su haɗa komai da ita ba, don haka da sunan zan ci gaba da kiranta.

Kwana uku tsakar gidan a cike take. Matan Zongo sun zo, can inda ta yi shekara arba'in da ɗoriya a ɗaki ɗaya da rumfa. Ƴan uwanmu na Tawa sun zo a bayan motar da ta kai dawar taimako ta juyo ba kaya. Ma'aikatan gidan likita sun zo da fararen rigunansu, suka yi addu'a a tsaye suka koma, don a zamanin sojan nan ba mai barin wurin aikinsa ya daɗe. Shekarar ba ta hatsi ba ce. Kunun jar dawa da ɗan dabino muka iya fitarwa sadaka, ba wanda ya yi ƙorafi.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne irin yabon da aka yi ta yi mata. Kowace ta zauna ta gama gaisuwa sai ta ce: "Baiwar Allah mai haƙuri. Ciwo ya ci ta wata da watanni, ba ta taɓa cewa wash ba." Wata ta ce: "Ni da na zo dubiya ko motsinta ban ji ba, ta bar wa Allah komai." Ina zuba kunu ina cewa amin, amma na san da Gwaggo tana ji da ta ce a yi mata shiru.

Mutum ɗaya ce ba ta shiga yabon ba, maƙwabciyarta ta Zongo, tsohuwar Bazabarmiya mai sayar da kopto, wato kwaɗon zogale. Ƙawarta ce tun kafin a haife ni. Ta zauna can gefen randa ita kaɗai, da na kai mata kunu ta ture ƙwaryar, ta ce: "Ni ta tafi da gaisuwata. Na gaishe ta ranar, ta dube ni ba ta amsa ba. Shekara arba'in ba ta taɓa yi mini haka ba. Ke kuma kika ja ni waje kamar baƙuwa."

A gaban mutane ban iya ce mata komai ba. Shi ya sa na zauna na rubuta wannan. Gwaggo ta ce wash, ta ce wayyo, kuma ni na ji. Kafin ta kai ga faɗa, ta sha azabar da bai kamata ta sha ba kusan wata guda a cikin gidana, saboda wani tsoro da ta ɓoye, ni kuma ban tambaye ta ba. Ina son a tuna da ita yadda take, ba yadda ya fi daɗin faɗa a wurin makoki ba.

Gwaggo ba ta yi lakkwal ba, wato makarantar boko. Mijinta ya rasu tana da sauran ƙuruciya, ɗan da ta haifa bai yi rai ba, sai ta nemi aikin shara a gidan likita aka sa ta ɓangaren mata. Shara, zubar da fo, canza zannuwan gado. A ƙarshen baranda akwai wani ɗaki da ake kwantar da masu ciwon daji, galibi na mama da na mahaifa. Ba mai kiran sunan ciwon, "wannan abin" ake cewa. Sauran ma'aikata ba sa son ɗakin, saboda wari, da kuma don wadda ta shiga ba kasafai take fita da ƙafarta ba. Gwaggo ta roƙa a bar mata shi, aka bar mata da murna.

Ni na ga aikinta da idona ne lokacin da na yi jinyar surukata wata biyu a wannan ɗaki.

Kowa ya san halinmu. Ka tarar da mutum ciwo ya gama da shi, ka ce ya jiki, ya ce da sauƙi. Bazabarme ya ce bani samai, lafiya lau ke nan. Kai ma ka ce Allah ya ƙara sauƙi, ka ajiye lemo ka fita, kowa ya fita kunyar kowa. Gwaggo ma tana gaisuwar, tana jin amsar, amma ba ta tafiya. Takan ce mini: "Da sauƙi gaisuwa ce, ɗiyata. An gaishe ta, ta amsa. Tambayar tana baya."

Sai ta jingine tsintsiya a bango ta zauna a bakin gado. Ba ta tambayar kowa a tsaye. Ta ce marar lafiya yana ganin ƙafafun mutum, in ya ga a tsaye suke ya san sauri ake yi, sai ya ba da amsar da za ta sallami mai sauri. Kafin ta buɗe baki ma ta riga ta gama dubawa. Za ta ɗaga murfin kwano kamar mai neman wurin sharewa. Za ta leƙa ƙarƙashin gado ta ga ko akwai tabarmar mai jinya. Za ta ɗaga buta ta ji nauyinta. Daga nan sai ta fara, a hankali, tana ɓantarar goro: "Wa ya kawo wannan kwanon?" "Yaran suna hannun wa?" "Maigidan yana leƙowa, ko tun ranar da ya kawo ki?" In ta ga mace ta fara kallon bango sai ta yi tambayar ƙarshe, sau ɗaya tak: "Me kike tsoro?" Ta yi shiru. Tana iya zama har goron ya ƙare ba ta ƙara kalma ba. Ni shirun yakan dame ni, in ji kamar in sa baki, sai ta harare ni.

A gadon da ke kusa da na surukata akwai matar wani masunci daga Tondibiya, an cire mata mama ɗaya, mikin bai daina zuba ba. Mace ce mai fara'a, kullum bani samai. Wata safiya Gwaggo ta ɗaga butarta, ta ajiye, washegari ta sake ɗagawa. Ruwan yana nan inda yake. Ta zauna, suka yi ta magana da Zabarmanci ƙasa-ƙasa, can sai na ji matar ta fashe da kuka. Ashe kwana ashirin ke nan ba ta yi salla ba. Gani take mikin ya sa ta zama marar tsarki, in ta yi ma ba a karɓa, kuma in ta mutu a haka ta mutu ba salla. Likita yana duba mikin kullum, mijinta yana kawo kifi duk Juma'a, ba wanda ya san abin da ke hana ta barci ke nan. Washegari Gwaggo ta zo da wani sumul ɗin dutse daga bakin kogi a cikin jakarta, ta koya mata taimama, ta ce malamai sun yi wa mai miki rangwame, ta yi sallarta a zaune. Wannan matar ta rayu. Ta zo makoki da busasshen kifi a ƙulle, ta ce mini dutsen yana nan a ɗakinta.

Akwai kuma wata da aka kawo daga arewa, cikin mutanen da fari ya kashe wa dabbobi suka sauka a bayan gari. Kullum kwanonta a wanke tas, ma'aikata suna yabon tana cin abinci, ita kuwa sai ramewa take yi. Gwaggo ce ta lura da ƙullin da ke bakin zanenta. Tuwon gidan likita take dunƙulewa, in ƙanwarta ta zo ta ba ta ta kai wa yara uku da ta bari a bukka. Gwaggo ba ta yi mata faɗa ba. Ta koma Zongo ta bi gida-gida, ta sa mata biyar suka riƙa zuba ludayi ɗaya-ɗaya daga tukunyarsu a kwano guda, mai kopto tana kaiwa. Sannan ta zo ta zauna a bakin gadon ta ce: "Yara sun ci. Kwance ƙullin nan ki ci ina gani."

Faɗa kuwa ta yi shi, da majo, shugaban ma'aikatan jinya na ɓangaren. Lokacin soja sukan faɗo wurin aiki ba sanarwa, su ga wa ya makara, wa ke zaune. Majo mutum ne mai tsoron a kama shi da sakaci, kuma ban ga laifinsa ba. Ya shigo ya tarar da tsintsiya a bango, Gwaggo a bakin gado tana cin goro.

"Iya, hira aka ɗauke ki yi ko shara?"

"Na share, majo. Duba ƙasa."

"In soja ya shigo ya gan ki a zaune fa? Ni za a tambaya."

"In ya shigo ka turo mini shi. Shi ma in tambaye shi abin da ke hana shi barci."

Matan ɗakin suka yi ta dariya, har da masu riƙe ciki don zafi. Majo bai yi dariya ba. Ya mayar da ita wankin zannuwa a bayan gini sati biyu. Ta tafi ba ta ba shi haƙuri ba, kuma a gida ta yi ta mita har babana ya ce mata ta rage baki kada a kore ta. Ta ce masa tun yana tsirara take rage masa baki, bai isa ba.

A cikin satin nan biyu wani matashin likita da ya dawo daga karatu ya kawo takarda mai tambayoyi da Faransanci, a san masu damuwa a cikin majinyata da masu bukatar taimako. Niyyarsa mai kyau ce. Da safe ya shigo da majo da ɗalibai, suka tsaya a kan kowace mace su shida, majo yana fassarawa. Kina da damuwa? A'a. Kina cin abinci? Alhamdu lillahi. Kina da mai kula da ke? Allah yana nan. Ɗaki guda, ba mai damuwa ko ɗaya. Likitan ya tsaya yana kallon takardunsa, don shi ma ya san ba haka ba ne. Surukata ce ta ce masa daga kwance: "Ɗana, ka dawo mana da mai tsintsiya."

Aka dawo da ita. Likitan ya karanta mata tambayoyinsa, ta saurara har ƙarshe, ta ce: "Tambayoyinka ba su da laifi, likita. Amma ku shida ne, a tsaye, duk maza, ga alƙalami. Ni ma da ni ce sai in ce lafiya lau." Daga ranar, kafin ya zaga ɗakin sai ya tsaya da ita a baranda, ta ce masa: ta gado na biyu mijinta ya daina zuwa, ta bakin taga tana son a faɗa mata gaskiya, waccan kuma kada a faɗa mata sai yayarta ta iso. Yana rubutawa a bayan takardar tasa. Majo da kansa daga baya ya kawo mata ƴar kujera, wai don kada a ce tana zama a gadon gwamnati. Ta karɓa ta ɗora bokiti a kai.

Bayan ta bar aiki da shekara biyu abin ya same ta ita ma. A mama ya fara, aka yi aiki, muka ce an rabu. Da ya dawo sai ya shiga ƙashin baya. Maigidana ya ce ba za ta zauna Zongo ita kaɗai ba, muka ɗauko ta. Majo, wanda zuwa lokacin ya zama kamar ɗanta, shi ya riƙa samo mata ƙwayoyin kashe zafi masu ƙarfi, irin waɗanda in an sha sai barci mai nauyi. Ya ce a ba ta sau uku a yini.

Nan ne na yi kuskurena. Kowace safiya in shiga da kunu da ƙwaya, in ce: "Gwaggo, ya jiki?" Ta ce: "Da sauƙi, ɗiyata." In ajiye, in fita, don ga tukunya a wuta, ga yara za su lakkwal, ga layin ruwa a famfo. In na dawo kwano a wanke, buta ta ragu, ƙwaya babu. Ita ta san duk abin da ake dubawa, don ita ta koya mini, sai ta gyara komai. Kaji ne suka yi ƙiba da kununa. Ina ganin goshinta yana tsatsafo da gumi da sanyin safiya, ina ganin yadda take damƙe ƙarfen gado, sai in ce wa kaina ai Gwaggo ce, da akwai abu da ta faɗa. Gaskiyar ita ce amsarta ta yi mini daɗi, don ta sallame ni.

Ranar wanki ce ta tona. Na ɗauko zanenta zan jiƙa, na ji ƙulli a bakinsa. Na ɗauka goro ne. Na kwance, ƙwayoyi suka zubo a kan siminti, fari fat, sun fi cikin tafin hannu. Na durƙusa ina tsince su. Kusan wata guda ke nan ƙashin bayanta yana cinta, ba ta haɗiyi ko ɗaya ba.

Na daɗe a bakin ƙofar. A gidanmu ɗiyar ƙane ba ta titsiye gwaggonta. Ita ta yi mini wankan jego, ita ta raka ni ɗakin miji, ko ido ba na haɗawa da ita in tana faɗa. Na yi tunanin in kira babana, na san zai yi mata tsawa ta yi masa, a tashi ba a san dalili ba. Na yi tunanin in riƙa narka ƙwayar a kunu, na tuna kaji ne za su sha. Sai na sauke tukunya daga wuta, na wanke hannu, na shiga na zauna a bakin gadonta. Ban taɓa zama a nan ba.

Ta dube ni, ta dubi inda na zauna. Ta ce: "Ƴar lakkwal, yau kuma aikina kika ƙwace?"

Na buɗe hannuna ta ga ƙwayoyin. Na ce: "Gwaggo, me kike tsoro?"

Sai na yi shiru. Wallahi ban taɓa yin aiki mai wuya kamar shirun nan ba. Na ji mai gawayi ya wuce yana talla, na ji akuyar maƙwabta, na ji numfashinta. Sau biyu bakina ya buɗe zan ce ki yi haƙuri, na rufe. Ta juya fuska bango, kamar yadda matan ɗakinta suke yi.

Can ta ce: "Barcin."

Ta ci gaba, fuska a bango.

"Na ga mata da yawa sun tafi a cikinsa. A yi musu allura su yi luf, baki a buɗe, har rai ya fita ba su farka ba. Ba kalmar shahada, ba komai. Ni nake riƙe musu hannu a yi allurar, ni. Ina ce musu za ki ji daɗi yanzu." Ta ja numfashi. "Ni ina son in tafi idona biyu, kalmar tana bakina. In zafi ne kuɗinsa, zan biya. Amma ɗiyata, yana da yawa. Wayyo Allah, yana da yawa. Kamar ana sara da gatari."

Ranar na fara jin wayyo daga bakinta. Na riƙe ta muka yi kuka. Na ce me ya sa ba ta tambayi malamai ba, ita da ta kai wa mutane amsa har gado. Ta ce: "Wa zan tambaya? Kowa ya zo sai ya ce Gwaggo mai haƙuri. Ki ce wa mutum mai haƙuri, kin rufe masa baki ke nan."

Kawun maigidana shi ne limamin masallacin unguwarmu, dattijo ne marar gaggawa. Bayan la'asar na aika ya zo, na shimfiɗa masa buzu a bakin ƙofa, na roƙe shi ya zauna. Ni na faɗa masa, don ita kunya ta hana ta. Ya saurara, ya ce: "Hajiya," ko da yake ba ta je ba, haka yake girmama ta, "abin da ake fata shi ne kalmar ta zama ita ce maganar mutum ta ƙarshe. Ba a ce sai ta fita tare da numfashin ƙarshe ba. In kin faɗe ta da hantsi, ba ki ƙara wata magana ba har Allah ya karɓe ki da yamma, ita ce ta ƙarshe. In kin farka kin yi wata magana, sai ki sake faɗa. Ki sha maganinki. Allah bai ɗora miki wannan azabar a matsayin sharaɗi ba."

Ta ce: "Malam, waɗancan matan fa? Waɗanda na riƙe wa hannu?"

Ya ce: "Sun yi salla da bakinsu, sun yi shahada sau nawa a rayuwarsu? Wanda ya san abin da ke zuciya ba ya bukatar ki tashe su. Ke sauƙi kika nema musu."

Ta sa gefen mayafi ta rufe fuska. Da ya tafi ta ce in kawo ruwa. Ta yi kalmar shahada a fili, ta haɗiye ƙwaya, ta kwanta. Barcin da ta yi ranar, har munshari.

Da ta farka sai ta kafa mini doka. Ta ce: "In na faɗi kalmar na sha magani, kada ki bar kowa ya shigo ya gaishe ni. Kin san ni, ko a cikin barci aka ce ya jiki sai na ce da sauƙi. Shekara sittin bakina ya saba. Kada in je gaban Allah maganata ta ƙarshe ƙarya ce." Muka yi dariya har ta riƙe baya. Ta ƙara da cewa: "Kuma kada ki faɗa wa mai kopto na ji tsoro. Za ta yi mini dariya har kabari. In na tafi kya faɗa mata."

Haka muka yi sati bakwai. Mun daidaita shan maganin da lokutan salla, majo ya yarda. In ta sha, sai in ɗauko faifai in zauna a bakin ƙofa ina tsintar dawa, duk mai dubiya in ce tana barci, a yi addu'a daga nan. Su ne suka koma suna cewa ko motsinta ba a ji. Da sun zo tsakanin azahar da la'asar, lokacin da take farke, da sun ji. Takan ce yau ƙugu ne, yau kamar wuta, juya ni, a'a ba haka ba, hannunki kamar na mai daka. Ta ce kununa ba ya da tsami, kaji ma haƙuri suka yi da shi. Ta faɗa mini wanda za a ba tabarmarta da wanda za a ba tukwanenta. Ta sa na kira babana ta yafe masa abubuwan da shi bai ma san ya yi ba. Mai kopto ƙafa ta dame ta, ba ta zuwa sosai, in ta zo ma da yamma ne, su yi ta tsokanar juna.

Ranar Talatar, da hantsi, Gwaggo ta yi shahada, muryar can ƙasa, ta haɗiye ƙwaya da ƙyar. Na zauna a ƙofa. Kwana biyu ba ruwa a unguwa, sai na ji famfo ya fara tari, na tashi da gudu in tara bokiti. Ban fi minti biyu ba. Ina dawowa na ga takalman mai kopto a bakin ɗaki. Ita ba baƙuwa ba ce da za ta jira izini.

Na ji ta tana cewa: "Mate gaham, ƙawa?" Ya jiki ke nan da harshensu.

Na shiga. Idon Gwaggo ya buɗe rabi. Na ga leɓɓanta sun motsa, amsar tana hanya, wadda ta saba bayarwa tun tana yarinya. Ta dubi ƙawarta, ta dube ni. Sai ta haɗe leɓɓan ta danne su. Ta ɗaga ɗan yatsanta manuni kaɗan daga kan zane, yadda ake yi a zaman tahiya.

"Ya jiki nake cewa, ko kin kurumce ne?" in ji mai kopto. Ta ga yatsan, ta ɗauka ƙofa ake nuna mata.

Na kama hannunta na ce: "Inna, zo mu je waje, tana barci." Ta fizge, ta ɗauki takalmanta ta tafi ko ruwa ba ta sha ba. Na koma na zauna a bakin gadon, na riƙe hannun Gwaggo, ban ce uffan ba. Numfashin ya yi ta tazara. Kafin ladan ya kira azahar ya tsaya. Ba ta ƙara wata magana ba.

Bayan sadakar arba'in na shiga mota na je Zongo. Na tarar da mai kopto a rumfarta tana tsinke zogale, ta amsa gaisuwata a taƙaice. Na zauna a tabarmarta ba ta ce in zauna ba, na faɗa mata komai, tun daga ƙullin zane har zuwa yatsan. Ta daina tsinkar. Ta daɗe tana kallon ƙofar ɗakin Gwaggo, wanda yanzu wasu ne a ciki.

Ta ce: "Ita? Tsoro? Matar da ta ce a turo mata soja?" Ta fara dariya, dariyar ta koma kuka, ta share da bakin zane. "Ashe da ta amsa mini da na cuce ta."

Na ce: "Ba ki sani ba, Inna."

Ta jawo faifanta ta ci gaba da tsinka. Ta ce: "To, na yafe mata. Allah ya sa ta huta, ya haskaka mata kabari, ya karɓi kalmar da ta riƙe. Amma gaisuwata tana nan. In mun haɗu sai ta amsa."

Na ce amin.